Ƙarfen Surukina a Ƙarƙashin Kitika

Kitikar da na fara tuƙawa ba tawa ba ce, ta taubashina ce, ɗan ƙanwar mahaifina. Ya samo ta a hannun wani kamfanin Turawa bayan sun gama morarta, a zamanin da motocin Zariya ba su da yawa, in ka ji ƙugin inji daga nesa kana iya faɗin mai ita. Ga waɗanda ba su riski kitika ba, 'yar ƙaramar mota ce, gidan direba a gaba, akwatin katako a baya. An yi ta ne don ta ɗauki Bature da akwatunansa da gadonsa na tafiya. Mu kuwa mazarƙwaila muke labta mata daga ƙauyukan masu rake mu kawo kasuwar Sabon Gari, kuma taubashina bai taɓa ganin buhu a ƙasa ya yarda cewa mota ta cika ba.

In an gama lodi sai gindinta ya zauna, hancinta ya ɗaga sama. Tayoyin gaba da ƙyar suke taɓa ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, in ka murɗa shi dama sai ta tsaya ta yi shawara kafin ta bi ka. In ka faɗa rami akwatin ya daki ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ka ji dukan har cikin haƙoranka. A kan kwana kuwa kwanciya take yi gefe guda, sai mu karkata jikinmu ɗaya gefen kamar hakan zai taimaka. Duk wannan laifin sifirin ne, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa a kan juna a ƙarƙashin mota, dogo a sama gajeru a ƙasa, a lanƙwashe kamar baka. Namu sun gaji, sun miƙe sambal. Na ce wa taubashina a rage kaya, ya ce motar lafiyarta lau, direban ne ba ya cin tuwo ya ƙoshi. Haka muke da shi tun muna yara, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, kuma ba a taɓa yanke shari'ar ba.

A Tudun Wada nake zaune lokacin. Unguwar ba ta wuce 'yan layuka ba, kowa baƙo ne, kuma kowa ya san kowa. Ban daɗe da aure ba. Mai ɗakina 'yar wani maƙeri ce a layinmu, kuma filin da ke gaban maƙerarsa shi kaɗai ne wurin da mota za ta kwana ba ta tare wa jakuna hanya ba. Saboda haka duk ranar da muka dawo, a ƙofar surukina nake kashe inji.

Baba, haka nake kiransa, maƙeri ne na gaske. Wanzamai har daga cikin birni suke fitowa neman askarsa, mahauta kuma in sun sayi wuƙarsa sai su yi ta nuna wa juna. Duk abin da ya fita daga hannunsa yana buga masa 'yar alama kamar sawun kaza. Ba shi da ɗa namiji da ya rayu, don haka yakan ce wa mutane ni ba suruki ba ne, ɗa ne Allah ya ba shi da rana tsaka. Amma mutane yake gaya wa, ba ni ba. Tsakanina da shi kunya ce irin wadda kowa ya sani. Tun daga nesa nake tuɓe takalma, in durƙusa in gaishe shi ina kallon ƙasa. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Shi ma in yana da magana da ni sai ya dubi taubashina ya ce, "Ka gaya wa direba kaza," alhali ga ni tsugune kusa da ƙafarsa. Ni ma ta bakin taubashina nake mayar da amsa, shi kuwa ya ƙara gishiri yadda ya ga dama.

Wata rana da la'asar Baba ya bar wuta ya fito ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe. Ya tambayi taubashina me ya sa take zama da gindi haka ko babu kaya. Taubashina ya ce fallayen ne suka mutu, da za a samu a ƙara mata biyu-biyu kowane gefe da ta miƙe. Baba ya koma bakin wutarsa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya samo guntayen sifirin na taragun jirgin ƙasa, masu kauri, a wurin masu tsintar ƙarfe. Ya ture aikin mutane gefe, fartanyu da laujuna suka taru suna jira, ya zauna yana gasa ƙarfen nan yana bugu da masaba, yana rage masa kauri, yana lanƙwasa shi yana gwadawa da tsohon falle. Aikin hannu ne mai kyan gaske, wannan kam ba zan rage masa ba. Ko waɗanda suka ƙera motar ba su fi shi daidaita lanƙwasar ba.

Ranar da zai gama ina tsugune can bakin zaure ina hange. Na ga ya zaro falle na farko da awartaki, jajur, ya juya ya tsoma shi cikin kaskon ruwa. Ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi, ni kuwa nan take na san aiki ya ɓaci.

Kafin in koyi tuƙi na yi leburanci a shagon gyaran jiragen ƙasa, ina shara ina ɗauko kwal. Ba wani ilimi na kwaso ba, amma idona ya ga yadda ake yi wa sifirin. Ba a tsoma shi a ruwa. Cikin mai ake tsoma shi, sannan a sake ɗumama shi a hankali har ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tantabara, a bar shi ya huce da kansa. Ta haka ne yake lanƙwasawa ya dawo. Ruwa kuwa taurin aska yake ba ƙarfe, ya yi ƙarfi ya riƙe kaifi, amma in aka matsa masa ba ya lanƙwasawa, karyewa yake yi. Baba bai yi kuskure a sana'arsa ba. Abin da ya gada ya yi, abin da ya kai sunansa har cikin birni. Aikin ne dai ba irin wanda ya gada ba.

Maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba, amma ta ina zan fara? In tashi in shiga maƙera, a gaban mai zuga da masu jiran fartanya, in ce wa mutumin da ya ba ni 'yarsa bai san tsoma ƙarfe ba? Na zauna ina kallo ya tsoma sauran ɗaya bayan ɗaya, ya buga wa kowanne sawun kaza a bakinsa, inda duk wanda ya leƙa zai gani.

Na dai gwada ta hanyar da ake bi. Na gaya wa mai ɗakina dalla-dalla. Ta zaro ido ta ce, "Malam, ni ce zan gaya wa Baba haka?" Na ce to ta gaya wa Inna. Ta je ta gaya wa mahaifiyarta, amma a hanya ta zubar da rabin maganar. Inna ta kai wa Baba, ita ma ta zubar da sauran. Washegari saƙo ya dawo mini cewa Baba ya ji godiyata, ya ce ba komai, Allah ya yi albarka. Na koma wurin taubashina, tunda shi bakinsa ba shi da linzami. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Surukinka ne ko nawa? In kana so yanzu in je in ce masa bawana ya ce ka iya aski amma ba ka iya mota ba." Na riƙe masa riga na roƙe shi kada ya ce komai.

Aka ɗaura fallayen. Gaskiya motar ta miƙe, gindinta ya ɗaga, ta tsaya cak kamar ba ita ba. Mutanen layi suka taru suna sa albarka. Baba yana gefe yana goge hannu da tsumma, yana ta ƙoƙarin hana bakinsa murmushi.

Ni kuwa na nemi wani fita, wato makanike, ɗan Kudu da muka saba tun a shagon jirgi, ya ciro mini wasu fallayen daga wata matacciyar lori, ya yanke su daidai tsawon na Baba. Na naɗe su cikin buhu na ɓoye a akwatin da ke ƙarƙashin kujerar gaba, inda muke ajiye jak da sifana. Daga nan muka shiga wata irin sana'a da ban taɓa jin wani direba ya yi ba. Da safe mu tashi daga ƙofar maƙera babu kaya, da ƙarfen Baba a ƙarƙashinmu, ina lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. In mun wuce Hanwa akwai wata tsamiya nesa da hanya, nan za mu ratse in ɗaga mota, in kwance na Baba in ɗaura nawa. In mun dawo mun sauke kaya a Sabon Gari, sai mu sake komawa gindin tsamiyar in mayar da na Baba, sannan mu shigo Tudun Wada. Taubashina ko sifana bai taɓa miƙo mini ba. Yana zaune a inuwa yana gatsar rake, yana cewa da ana ba da lada a kan wauta da na riga kowa shiga aljanna. Ya haƙura da ɓata lokacin ne kawai don da ƙarfen fitan motar tana ɗaukar kaya yadda yake so, sitiyari ya dawo hannu, ta kuma daina kwanciya a kan kwana.

Mayarwar kuwa dole ce, domin kullum da yamma Baba sai ya fito ya durƙusa ya leƙa, ya shafa sawun kazarsa da ɗan yatsa, ya tambayi taubashina yaya hanya. Taubashina ya ce, "Ai Baba kamar a kan tabarma muke tafiya." Baba ya gyaɗa kai ya koma ciki. Ni ina tsugune kaina a ƙasa, kowa ya ɗauka ladabi ne. Ladabin na nan, amma akwai wata kunyar daban a ƙarƙashinsa, wadda take hana ni jin daɗin tuwo in na shiga gida.

Abin da ban hango ba shi ne sauran direbobi ma suna da ido. Sun ga kitikarmu tana shigowa Sabon Gari da kaya har sama tana tafe a miƙe, kuma a can ba mai durƙusawa ya leƙa cikin laka. Da yamma suka biyo mu Tudun Wada suka ga sawun kaza. Ba a jima ba biyu daga cikinsu suka kawo wa Baba nasu aikin, ɗaya mai kai gyaɗa tasha, ɗaya mai ɗauko itace daga wajen Dutsen Abba. Ina kallo kaskon ruwa ya sake yin tururi. Na ce wa kaina gobe zan yi magana, gobe ta zo na durƙusa na yi gaisuwa na wuce.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a ƙauyen da muke lodi. Wani tsohon maƙeri ne da suka yi koyo da Baba a hannun mutum ɗaya. Baba ya dubi taubashina ya ce, "Ka gaya wa direba gobe zan bi ku ta'aziyya." Da safe ya fito da farar rigarsa ta Juma'a. Bai taɓa shiga mota ba sai ranar. Taubashina ya zauna a tsakiya don kada kafaɗata ta taɓa ta surukina, Baba kuwa ya zauna a bakin ƙofa, daidai kan buhun da na ɓoye. Da muka wuce Hanwa tsamiyar ta bayyana, taubashina ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Direba, yau ba za mu tsaya shan inuwa ba?" Da ba don wanda ke zaune kusa da shi ba, da na buɗe ƙofa na tura shi waje.

Na sa rai in mun isa, Baba zai shiga gidan makoki ya daɗe, ni kuma in lallaɓa bayan gari in yi canjina. Ina. Ana shafa addu'a sai ga shi ya fito da maƙeran yankin gaba ɗaya, waɗanda suka zo ta'aziyya, ya jawo su har gindin mota. Suka durƙusa suna leƙe, suna ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, suna jinjina kai. Ya nuna ni da haɓa ya ce musu, "Ga direban nan, ɗana ne." Suka shimfiɗa tabarma a inuwar motar suka zauna, aka fara lodi a gabansu.

Na ja taubashina gefe na ce don Allah yau a ɗauki rabi. Karo na farko a rayuwarsa bai yi gardama ba, domin shi ma a cikin motar zai zauna. Amma Baba ya hangi buhunan da aka bari a ƙasa. Ya ce, "Ka gaya wa direba kada ya ji tsoro don ina ciki. A ɗora duka, ƙarfen nan ya saba." Maƙeran suka ce ƙwarai kuwa. Aka ɗora duka, aka kuma ƙara da buhun dawa da 'yan uwan mamacin suka ba Baba.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Duk ɗan rami sai na tsaya na lallaɓa taya ɗaya ta shiga ta fita, sannan ɗayar. Masu jakuna suka iske mu suka yi mana sannu suka wuce. Wasu mata da tallan nono suka jera da mu suna hira har suka gaji suka bar mu a baya. Baba ya tambayi taubashina ko direba ba shi da lafiya ne. Na ce a gaya wa Baba inji ne ya ɗau zafi. Zufa ta jiƙa mini riga sharkaf, bakina kuwa bai daina addu'a ba.

Akwai wani rafi da ake tsallakawa, da rani ba ruwa sai yashi, an shimfiɗa kara an zuba ƙasa a kai. A bakin gangarensa akwai ɗan dutse da tayar baya take faɗowa daga kansa. Na san da shi, na taka birki iya ƙarfina, na sauke ta a hankali. Duk da haka sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga, gefen hagu ya zauna. Kafin mu farga na dama ma ya amsa. Buhunan sama suka zame, ɗaya ya fashe, curi-curin mazarƙwaila suka yi ta gangarawa cikin yashi. Ba wanda ya ji ciwo.

Muka sauke kaya ni da taubashina. Baba ya tattare rigarsa ya shiga ƙarƙashin mota ya fito da guntun ƙarfe. Ya juya bakin karayar wajen rana, fari fat yana ƙyalli kamar gishiri. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa taubashina, "Ikon Allah. Duk tafiye-tafiyen nan bai karye ba sai yau. Ni na jawo muku, da na ce a ƙara kaya, ga kuma nauyina. Ka ba direba haƙuri."

Haƙuri yake ba ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Rana ta fara sunkuyawa, ƙauye kuma da nisa ta kowane gefe. Dole a ɗaga mota, jak kuwa yana cikin akwatin kujera, buhuna yana kansa. Na buɗe ƙofa na ɗaga kujerar. Baba ya matso ya tsaya a bayana ya miƙo hannu don ya karɓi kayan aiki, shi a dole yana son ya taimaka. Babu yadda za a yi jak ya fito sai buhun ya fito. Na ɗago shi, fallayen suka gogi juna suka yi ƙara, kuma maƙeri ba ya jin kukan ƙarfe ya wuce. Ya karɓa ya ajiye a ƙasa ya warware.

Ya jera su a kan yashi, guda huɗu, tsawonsu ɗaya da nasa. Bayansu ya yi sumul yana sheƙi saboda gugar aiki, jar lakar hanyar nan tana manne a gefensu. Ya ajiye guntun nasa kusa da su, baƙi ƙirin yadda ya fito daga wuta, ko ƙwarzane babu. Bai dube ni ba, bai dubi taubashina ba. Ya ɗauki falle ɗaya ya gitta shi a kan duwatsu biyu, ya hau tsakiyarsa da ƙafa biyu. Ƙarfen ya lanƙwasa. Ya sauka, ƙarfen ya dawo. Ya sake hawa, ya sake sauka.

Sai ya ɗauki fallayen ya shiga ƙarƙashin mota da farar rigarsa, ya riƙe mini ina ɗaurewa. Kanmu kusa da juna, ina jin numfashinsa. Hannuna ya saba da aikin, nan da nan na gama, kuma na san ya lura da saurin. Taubashina yana can yana tsince mazarƙwaila daga yashi.

Abin da ya fi ci mini rai a hanyar dawowa shi ne yadda motar ta tafi. Da kayan nan duka ta miƙe, ta bi sitiyari, ta shanye ramuka ba ko gargada. Na so a ce ta yi ɗan tangal-tangal ko don ta rufa mini asiri, ta ƙi. Baba yana zaune hannuwansa a kan gwiwa yana jin kowane rami yana wucewa a ƙarƙashinsa.

Washegari da hantsi taubashina ya leƙo ya ce Baba ya ce in zo in raka shi, in taho da sifana. Na fito na bi bayansa. Muka fara da gidan mai kai gyaɗa, muka same shi a ƙofar gida da mutane. Bayan gaisuwa Baba ya ce, da muryar da kowa zai ji, "Ƙarfen da na yi maka ba shi da kyau. Na zo in karɓi abina kafin ya kashe wani." Mutumin ya fara cewa haba Baba, Baba ya ɗaga masa hannu. Na shiga ƙarƙashin motar na kwance, na gode wa Allah da ya ba ni wurin ɓoye fuska.

Daga nan sai gidan mai itace. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya sosa ƙeya, sannan ya shiga ciki ya fito da kwando. Guntaye ne a ciki, duk da sawun kaza. Tun a makon farko suka karye masa a gangare, motar ta kwanta cikin gonar wani. Hannunsa na hagu har lokacin a ɗaure yake da kara. Baba da kansa ya yi masa jaje a masallaci kwanakin baya, mutumin ya ce masa daga katanga ya faɗo.

Baba ya ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Baba, ka girme ni. Kuma na ga na surukinka lafiya lau yake aiki, sai na ce ƙaddarata ce."

Ina tsaye a wurin, sifana a hannuna. Ban san inda zan sa idona ba, sai na sa shi a kan ɗaurin hannun nan, wanda nan ne ya fi ko'ina wuyar kallo.

Baba ya haɗa fallayen da guntayen cikin kwandon ya ɗora a ka. Na miƙa hannu in karɓa, ya kauce. Haka muka ratsa layin Tudun Wada, dattijo a gaba da kaya a ka, saurayi a baya ba komai a hannu sai sifana. Mutane suna yi masa sannu suna bi na da kallo, shi kuma duk wanda ya tambaya sai ya tsaya ya gaya masa gaskiya, ƙarfensa ne bai yi ba. Ko sau ɗaya bai ambace ni ba.

Da muka isa maƙera ya juye kwandon a gindin uwar maƙera ya zauna a kan buzunsa. Ya sallami mai zuga. Taubashina yana bakin ƙofa, ni na tsuguna inda na saba. Baba ya ce, "Da me ake tsoma shi?"

Na juya wajen taubashina na ce, "Ka gaya wa Baba..."

Baba ya ce, "Ba shi na tambaya ba."

Na ɗago kai. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe yana da tabon ƙuna a ƙasan ido. Idanun sun yi ja, kuma wutar ba ta ma kama ba balle a ce hayaƙi ne. Na ce, "Da mai, Baba."

"Sai me?"

"Sai a sake ɗumama shi har ya yi shuɗi, a bar shi ya huce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya yi ta juya maganar a ransa, kamar yana neman inda nauyinta yake bai samu ba. Sannan ya tura mini zugazugi da ƙafa ya ce a samo baƙin mai. Na zauna na yi zuga har azahar. Ya ɓata falle biyu kafin ya gane launin, na uku ya gitta shi a kan duwatsu ya hau, ya lanƙwasa ya dawo. Kafin shekara ta zagayo direbobi sun koma kawo masa aiki, har mai itacen, kuma ban ji an ce nasa ya sake karyewa ba.

Bai taɓa tayar da zancen tsamiya ba, bai taɓa ɓata mini fuska ba. Duk Salla yana aiko mana da nama, da aka haifa mana 'ya'ya a maƙerarsa suka yi rarrafe. In yana da magana da ni kai tsaye yake faɗa mini, ni ma in amsa masa kai tsaye. Sai dai har ya bar duniya ban sake jin ya ce wa kowa ɗa ne Allah ya ba shi ba. In baƙo ya tambaya wane ne wannan, sai ya ce, "Surukina ne, direba."